Wane Ƙarfe Ne Mai Araha? Abin Da Ya Kamata Manomi Ya Sani Kafin Ya Biya Maƙeri

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Afala da kewaye, kowa ya san damina a arewacin Adar gajeriya ce. In garma ta karye ana tsakiyar huɗa, ko amalanke ya kwanta a hanyar rijiya, kwana uku na jiran gyara sun isa su rage wa mutum damma a rumbu. Sau da yawa laifin ba na maƙeri ba ne. Ƙarfen da aka zaɓa ne bai dace da aikin ba.

Kakanninmu a ƙasar Adar da kansu suke haƙo tama, su narka ta da gawayi, su fid da ƙarfe. A shekarun 1960 wata Bafaransa mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki fim ɗin wannan aiki a Adar. Da tsofaffin motoci suka yawaita, sai aka bar tama aka koma ga ƙarafunansu. A shekarun 1980 kuma, ma'aikatar ACREMA ta Tawa ta yi suna wajen ƙera amalanke da garmar shanu.

Yau akwai wani sabon maƙeri da ba ya riƙe guduma. Inji ne da kwamfuta ke tuƙawa. A zana abin da ake so, a ba injin awo da lambobi, shi kuma ya yi ta sassaƙar ƙarfe kamar yadda masassaƙi ke fafe turmi. An fara nuna irinsa a Amurka a 1952. Yana fid da abu 100 duk awo ɗaya. Yawancin ƙananan ƙarafunan cikin babur da injin ban ruwa na masu albasa, irin wannan inji ne ya gyara su. Yana da tsada, yana kuma son lantarki marar yankewa, shi ya sa ya fi yawa a manyan birane. Amma da shi da maƙerin ƙauye tambayarsu ɗaya ce: da wane ƙarfe za a yi aikin?

Mafi araha shi ne baƙin ƙarfe mai taushi, wanda masu walda ke yin ƙofa da gado da shi. Yana yankuwa ba wahala, yana karɓar walda. Shi ya dace da jikin amalanke da hannun garma. Sai dai kada a yi bakin hauya ko na gatari da shi. Ko an gasa shi an tsoma a ruwa, ba ya yin tauri, domin sinadarin gawayi da ke cikinsa kaɗan ne, bai kai kashi 3 cikin 1000 ba.

Don kaifi, maƙera sun daɗe da sanin sifirin, wato faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin babbar mota a bisa tayoyi. Gawayin cikinsa ya kai kamar kashi 6 cikin 1000, shi ya sa yake riƙe baki. Ga maƙeri mai wuta da uwar maƙera, wannan ƙarfe alheri ne. Ga injin sassaƙa kuwa, masifa ne. Taurinsa yana cinye haƙorin injin, haƙorin kuwa daga waje ake sayo shi. To, ka ga ƙarfen da aka samu kusan kyauta a bola ya zama mai tsada. Sai an gasa shi an bar shi ya huce a hankali cikin toka, sannan ya yi taushin da inji zai iya.

Sai sanholo, wanda ake tukunya da ludayi da shi. Nauyinsa kamar kashi ɗaya cikin uku ne na baƙin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa. Yana narkewa a zafin digiri 660, baƙin ƙarfe kuwa sai wajen 1500. Injin kwamfuta yana son sanholo ƙwarai, yana yanka shi da sauri. Kilonsa ya fi na baƙin ƙarfe tsada, amma aikin ba ya daɗewa, kuma mai inji da awa yake lissafi. Amma a kula: sanholon da aka narka a kasuwa aka zuba cikin rairayi yakan zo da ƙananan ramuka da tsakuwa a ciki. Ya isa tukunya, bai isa abin da zai ɗauki nauyi ba. Mu ce wani abu a nan don matan gida: kada a yarda da tukunyar da aka haɗa da darmar batirin mota. Darma guba ce, ta fi cutar da yara.

Yaya mutum zai gane ƙarfe ran Lahadi a kasuwar Tawa? Ka tafi da mayen ƙarfe a aljihu. Yana kama baƙin ƙarfe, ba ya kama sanholo ko tagulla. Ka goga magagari: in ya ci da sauƙi, ƙarfen mai taushi ne, in ya zame, mai tauri ne. Wurin mai walda kuma, a ɗora shi a dutsen wasa na lantarki. Mai taushi yana fid da tartsatsi dogaye, mai tauri nasa yana fashewa kamar taurari.

Akwai wuraren da ƙarfe ba ya da amfani sam. Ƙota aikin itace ce. Masu injin kwamfuta ma sukan fara gwada sabon zane a kan katako ko roba, don in an yi kuskure asarar ta zo da sauƙi.

Wurin da bai kamata a yi rowa ba shi ne sandar ƙarfen da tayoyin amalanke ke juyawa a kai, da mazaunin boris. Nan ake son ƙarfe lafiyayye marar tsaga, da awo daidai. Tsohon ƙarfen da tsatsa ta ci, ko an shafa masa fenti, ba na nan wurin ba ne. Ka sayi sandar da kaurinta ya yi kusa da abin da ake so, gama duk abin da inji ya sassaƙe ya zubar, kai ka biya shi.

Sannan ga maganar taruwa. Shirya inji da yi masa zane yana da kuɗinsa, ko abu ɗaya za a yi ko da yawa. Misali, a ce kuɗin shirin jikka 10 ne. Mutum ɗaya shi kaɗai zai biya jikka goman. In mutum 20 na ƙungiyar gari suka haɗa saƙo ɗaya, kowa dala 100 ce tasa. Wanda za a aika birni ya tafi da tsohon abin da ya karye, duka gutsattsarinsa, don a auna. A yi wannan tun da rani, bayan an sayar da wake, kafin hadarin farko ya haɗo.