Daga Maraɗi zuwa Katsina: gwamna biyu, iko iri biyu

Matafiyin da ya tashi daga Maraɗi da hantsi, ya bi ta Ɗan Isa, ya ƙetare iyaka ya faɗa Jibiya, zai isa birnin Katsina kafin azahar, domin tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya, har ma sarautar Maraɗi tushenta gidan sarautar Katsina ne da ya yi ƙaura a zamanin jihadi. A kowane birni akwai wanda ake kira gwamna, amma suna ne kawai ya zo ɗaya. Gwamnan Katsina talakawan jaharsa ke zaɓensa na shekara 4, kusa da shi akwai majalisar da ke yi wa jahar dokoki. Gwamnan Maraɗi kuwa daga Yamai ake naɗo shi, wakilin gwamnatin ƙasa ne, kuma hannun da ya naɗa shi ne ke sauke shi.

Wannan bambanci gadon Turawa ne. Faransa, wadda tun 1800 Napoleyon ya kafa mata perfe a kowace gunduma, ta kawo irin tsarinta: kwamanda yana jin maganar gwamna, wanda ya zauna Damagaram kafin a mai da fada Yamai a 1926, gwamna yana jin ta Dakar, Dakar kuma ta Paris. Ingilishi su kuma sun raba Najeriya yanki uku, Arewa, Gabas da Yamma, a 1954 suka ɗaure su da igiyar tarayya, kowane yanki da firimiyansa da baitulmalinsa.

Tarayyar ba ta zauna yadda aka bar ta ba. Arewa kaɗai ta fi sauran yankuna girma, tsoro ya shiga tsakani, aka soma yanka ƙasa: jaha 12 a 1967, 19 a 1976, ita Katsina aka cire ta daga Kaduna a 1987, har aka kai 36 a 1996. To, abin lura a nan shi ne, duk waɗannan yanke-yanke sojoji ne suka yi su daga sama, kuma gwargwadon yadda jahohi suka yawaita, haka ƙarfinsu ya ragu. Kundin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tsakiya soja, kuɗin ƙasa, kwastan, man fetur da ma'adinai, ya kuma ɗora rundunar ƴan sanda a hannunta. Galibin jahohi da rabon da ake yi kowane wata daga asusun tarayya suke rayuwa, masu man fetur kuma ana ƙara musu kashi 13 cikin 100 na abin da aka haƙo a ƙasarsu. Su ma ƙananan hukumomi 774 kukansu bai ƙare ba, cewa gwamnoni na riƙe musu rabo, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Nijar ta bi wata hanya, kuma tana da hujjarta. Ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1.267.000, wadda ta karɓi ƴanci da ma'aikata masu ilmin boko ƴan ƙalilan. Dokar 1964 ta raba ta gida 7, kowane da perfe, ƙarƙashinsa sufurefe, dukansu naɗaɗɗu. Shugabannin lokacin sun ga yadda tarayyar Mali da Senegal ta watse a 1960, sun ga yaƙin Biyafara a maƙwabta, sun ga Ahijo ya soke tarayyar Kamaru a 1972. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ai ba a gaya masa ya nemi ruwa.

Sai dai riƙon da ya hana ƙasa tsagewa shi ne kuma ya sa nisa ya zama azaba. Idan iska ta yaye rufin lakwal a wani ƙauyen Dakoro, ko famfon burtsatse ya lalace a Tanut, takarda za ta bi hawa-hawa har Yamai, amsa kuma ta biyo sawunta, wani lokaci bayan damina ta wuce. Mutanen arewa, waɗanda ake haƙo uraniyom a ƙasarsu tun 1971, su suka fi ɗaga murya, kuma yarjejeniyar sulhu ta 24 ga Afrilu 1995 ta ɗauki alkawarin sauko da iko kusa da talaka. An jima kafin a cika shi. Sai a 24 ga Yuli 2004 aka zaɓi kansiloli a ƙananan hukumomi 265, majalisun jahohi kuma sai a 2011. Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ake samu ga ƙananan hukumomin jahar da ake haƙa. A 2016 aka miƙa musu fannoni huɗu: ilmi, lafiya, ruwa da muhalli.

Ko a lokacin, wannan ba tarayya ba ce, domin majalisar jaha ba ta da ikon yin doka, ayyukan raya ƙasa kawai take tsarawa, kuma sai gwamna ya duba ko shawararta ta dace da dokar ƙasa. Ga shi kuma an miƙa aiki, kuɗi bai biyo shi yadda ya kamata ba. Magajin garin karkara, wanda ba shi da abin dogaro sai lanho da harajin kasuwa da na tasha, an ce ya gina aji, ya gyara likita, alhali wani lokaci albashin ma'aikatansa ma yana gagararsa.

Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja sun rushe majalisun jahohi da na ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024, suka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari, daga birnin Yamai har ƙananan hukumomin karkara.