Ko Ka Sani? Abubuwan Da Ke Tsawaita Ran Injin Ƙera Kayan Roba

Ko ka san cewa kujerar robar da ake jerawa a wurin biki, da bokitin wanka, da mataji, da marfin gorar ruwa, duk inji iri ɗaya ne ke fitar da su? Kifa bokiti ka duba gindinsa, za ka ga wani ɗan tabo mai tudu a tsakiya. Ta nan narkakkiyar roba ta shiga mazubin ƙarfe, ta cika shi, ta daskare da siffar bokiti. Leda da jarka ba aikin wannan inji ba ne, su da nasu injinan. Akwai irinsa a masana'antun roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano, wasu sababbi, wasu kuwa sun yi shekaru suna aiki a wata ƙasa kafin a kawo su.

A Amurka aka fara ƙera shi. A shekarar 1872 John Wesley Hyatt da ɗan'uwansa Isaiah suka yi wa na farko rajista. Aikinsa kamar na sirinjin allura ne: a ɗumama roba a cikin bututu, a danna ta da ƙarfi ta faɗa mazubi. Da shi aka riƙa yin maɓallai da mataji. A 1946 James Watson Hendry ya sa wa injin dogon sukuru a cikin bututun, wanda ke juyawa yana cuɗa robar, kuma a kan wannan tsari injinan yau suke tafiya.

Ana zuba ƙwayoyin roba ta mazurari, su gangara cikin bututun da hita ta kewaye. Sukuru na juyawa yana murza su har su narke. Abin mamaki, mafi yawan zafin da ke narkar da su daga wannan murza yake fitowa, ba daga hita ba. Robar kujera takan kai digiri 220 ko fiye a ma'aunin Salshiyas. Idan ta taru, sai sukurun ya daina juyawa ya zabura gaba, ya ɗura ta a mazubi da matsin da kan kai kilo 1,000 a kan kowane santimita murabba'i. Don kada mazubin ya buɗe, injin na matse shi da ƙarfin da ake aunawa da tan, daga tan kaɗan a ƙananan injina zuwa dubbai a manya. Ruwa ya sanyaya, mazubi ya buɗe, kaya ya faɗo. Injin da ke yin haka duk daƙiƙa 20, dare da rana, zai buɗe ya rufe sau 4,320 a kwana ɗaya, ya haura miliyan a shekara.

Duk da wannan wahala, injin da ya sami kulawa yakan yi shekara ashirin ko fiye yana aiki. Ba tsufa ne ya fi kashe shi ba. Datti ne, da zafi, da gaggawa.

Mai: dattin da ido ba ya gani

Yawancin waɗannan injina da man haidurolik suke motsi, ko da yake tun shekarun 1980 aka fara ƙera masu aiki da lantarki zalla a Japan. Mafi yawan lalacewar famfo da bawul daga dattin cikin mai take tasowa. Idon mutum ba ya ganin abin da bai kai maikuron 40 ba, alhali ƙwayar da ba ta kai rabin haka ba tana iya kankare cikin bawul. Ke nan man da ka ɗebo ka ga garau yana iya zama gurɓatacce. Ko sabon mai daga duro ana so a tace shi kafin a zuba. A ƙasar da hunturu ke zuwa da ƙura, murfin tankin mai da aka bari a buɗe, ko matatar iskar tankin da ba a canza ba, ya isa ya jawo asara.

Zafi ma yana cin mai. An fi son ya tsaya tsakanin digiri 40 zuwa 50. Makanikai suna da ƙa'idar cewa da zarar ya wuce 60, duk ƙarin digiri 10 yana rage kwanansa da rabi. Mai zafi yakan tsinke, robobin da ke toshe mahaɗa su bushe su tsage, yoyo ya fara. A watannin bazara, idan rufin kwano ya ɗau rana, na'urar sanyaya mai ce ta fi cancantar a duba kullum.

Sukuru: sauri kan haifi nawa

Robar da ta kwana a bututu daskarewa take yi ta riƙe sukuru gam. Idan aka kunna hita, ma'auni zai nuna zafi ya kai, amma na bangon bututu ne, ta can tsakiya ba ta narke ba. Dole a ƙara jira na minti 15 zuwa 30. Ma'aikacin da ya ƙagu ya juya sukuru kafin nan yana iya karya kan sukurun, aikin da aka so a fara da wuri ya tsaya har sai an samo wani. Wannan ya fi faruwa bayan ɗaukewar wuta, lokacin da kowa ke son rama abin da ya wuce.

Ba kowace roba ce ke haƙuri da zama a bututu mai zafi ba. PVC idan ta daɗe ƙonewa take yi, ta fitar da iskar da ke zama asid, mai cin ƙarfe, mai cutar da huhu. Shi ya sa kafin a kashe inji ake wanke bututu da wata robar mai jure zafi. Nailan da PET da ABS kuwa suna shan danshin iska, sai an busar da su kafin a narka, in ba haka ba kaya ya fito da zane-zane, ga saurin karyewa.

Masana'antu da yawa suna haɗawa da niƙaƙƙiyar tsohuwar roba, irin wadda 'yan jari bola ke tarawa. Tana rage tsada, amma takan zo da yashi da gutsattsarin ƙusa da waya. Maganaɗisun da ake sawa a mazurari ba shi da tsada, sai dai ba ya kama yashi, ba ya kama alminiyam, don haka wankewa da tankaɗewa ba su da madadi. Hodar farar ƙasa da ake ƙarawa don roba ta yi auki ita ma tana cin sukuru a hankali, musamman in an cika ta.

Mazubi da ruwan sanyaya shi

Wani mazubin yakan kai ƙaramin inji tsada. Mafi inganci ana ƙera shi ne don ya buɗe ya rufe sau miliyan ko fiye. Kamfanin LEGO na ƙasar Denmak, mai yin tubalan wasan yara, shaida ne a kan abin da mazubi mai kyau ke yi: tubalin da aka yi a kan tsarin 1958 har yau yana shiga na bana daram.

Fiye da rabin lokacin kowane zubi a sanyaya yake tafiya. Ruwa na bi ta ramukan da aka huda a jikin mazubi yana kwashe zafi. Idan ruwan mai kanwa-kanwa ne, kamar na wasu rijiyoyin burtsatse, sai ya bar farin ɓawo a cikin ramukan. Ɓawon na hana zafi fita, kaya ya riƙa lanƙwashewa, a tilasta wa inji rage gudu. Maganin shi ne tace ruwa da wanke ramukan a kai a kai.

A gefen mazubi akwai 'yan hanyoyin da iska ke fita, zurfinsu bai wuce kashi biyu ko uku cikin ɗari na milimita ba. In sun toshe, iskar da ta maƙale takan matsu ta yi zafi har ta ƙona roba. In roba ta maƙale a mazubi, da tagulla ko katako ake cire ta. Sukudireba na barin tabo, tabon kuma zai bayyana a jikin duk abin da mazubin zai fitar daga ranar. Kafin a ajiye shi, a tsiyaye ruwan, a bushe shi, a fesa masa maganin tsatsa, musamman da damina.

Sanduna huɗu

Faifan ƙarfen da ke matse mazubi a kan manyan sanduna huɗu yake tafiya. Idan inji bai zauna daidai a ƙasa ba, sanda ɗaya za ta ɗauki nauyin da ya fi na sauran, wata rana ta tsage. Haka in aka ɗaura ƙaramin mazubi a babban inji, ko aka ƙara matsi fiye da kima don a ɓoye wani aibi. Giris a kan lokaci, da auna zaman inji ko da sau ɗaya a shekara, suna hana wannan.

Kaya ne ke fara faɗar ciwon inji

Inji ba ya mutuwa farat ɗaya. Rarar roba siririya a bakin bokiti tana nuna mazubi bai haɗu da kyau ba. Ɗigon baƙi yana nuna akwai robar da ke ƙonewa a wani lungu na bututu. Kayan da ke fitowa wani cikakke wani da giɓi yakan nuna zoben kan sukuru ya cinye, roba na komawa baya. Abin da aka saba yi shi ne a ƙara zafi ko matsi har aibin ya ɓace. Aibin ya ɓace a ido, ciwon na nan yana girma. Littafin da ake rubuta zafin mai, da ranar canza matata, da duk sabuwar ƙarar da aka ji, yana nuna matsala tun tana ƙarama.

Akwai kuma abin da ya fi inji daraja. Ƙofar inji tana da makunnin da ke hana shi rufewa muddin tana buɗe. Ɗaure wannan makunni da waya don aiki ya yi sauri ya raba mutane da hannuwansu. Kafin gyara, a kashe wuta, a sa kwaɗo a kan makunni, a sauke matsin mai, domin wasu injinan suna riƙe matsi ko bayan an kashe su.

Mai masana'anta, ka ware wa injinka lokacin gyara tun yana lafiya, ka horar da mai tuƙa shi, ka saurare shi idan ya ce ya ji wata ƙara. Awa biyu da aka tsayar da inji da gangan sun fi arha a kan mako biyu na jiran kayan gyara daga ƙasar waje.