Ciyawar Fili Da Gobarar Hunturu A Abakpa

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a Kaduna, wajen ƙarshen watan Oktoba, sai ciyawar da ta yi girma da damina ta soma bushewa. Kafin Disamba iskar hunturu ta mai da ita abin da tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar. A unguwa irin Abakpa, wadda ke cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa, maƙwabciyar Unguwar Shanu, inda gidaje ke manne da juna, fili guda da aka bari gamba ta cinye shi yana iya jawo wa layi guda asara.

Yawancin irin wannan wuta daga hannun mutane take fitowa, watau guntun sigari da aka yar, ko shara da aka cinna wa wuta aka tafi, ko yara masu farautar gafiya. Bayan gobara kuma, fili mai duhuwa maɓoya ce ta macizai da sauro da ɓeraye, waɗanda wani irinsu ke ɗauke da zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a shekarar 1969.

Tilasta wa mai fili ya share filinsa tsohon aiki ne a ƙasar nan. Tun daga Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917, shekarar da aka mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, aka ba duba-gari ikon shiga gidaje domin bincike. Idan ya iske abin da zai cuci jama'a, sai ya ba mai wurin takardar gargaɗi wadda ta faɗi abin da za a gyara da wa'adin gyarawa. In wa'adi ya cika ba a yi kome ba, sai maganar ta je kotu. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, duba-gari suka ci gaba da aikinsu a sashen lafiya na ƙaramar hukuma. A zamanin Yaƙi Da Rashin Ɗa'a, wanda gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar a 1984, an ware ranar Asabar ɗaya a wata domin tsabtace gari. Har ila yau, a 2011 hukumar NESREA ta Gwamnatin Tarayya ta fito da ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai, jihar Kaduna kuma tana da tata hukumar kare muhalli, KEPA.

Wasu ƙasashe sun ƙayyade abin da mataki. A jihar Kalifoniya ta Amurka, mai gida a yankin da ake fargabar gobara tilas ne ya share ƙafa 100 kewaye da gininsa. A kudancin Faransa mita 50 ne ga gidajen da ke kusa da daji, kuma in mai gida ya ƙi, magajin gari na iya sa a share, a biyo shi da kuɗin aikin.

Inda gizo ke saƙa a nan shi ne gano mai filin. Mutum ya kan sayi fuloti, ya ja katanga, aiki ya ɗauke shi zuwa wani gari, takardar gargaɗi ta rasa hannun da za ta shiga. Dokar Filaye ta 1978 ta sa filayen birane a hannun Gwamna, saboda haka rajistar masu su tana ofisoshin jiha, alhali kuwa ƙaramar hukuma ce ke fama da ciyawar. Ya kamata ofisoshin biyu su riƙa musayar sunaye, mai unguwa kuma ya taimaka, domin shi ya san wanda ya sayi wane fili.

Lokacin da ya dace a yi sharar shi ne watan Oktoba da farkon Nuwamba, tun ciyawa na da sauran ɗanye. A yanke ta, a kwashe, kada a cinna mata wuta a wurin. Maƙwabcin da ya ga an bar fili ya yi duhu yana da damar kai ƙara sashen lafiya na ƙaramar hukuma tun hunturu bai kankama ba, gama idan wuta ta tashi, gidansa ne na farko a kan hanyarta.