Ƙaramin garin da ya ɗauki kofin Romaniya

Urziceni gari ne a ƙasar Romaniya da mutanensa ba su kai 20,000 ba. Amma a kakar wasa ta 2008/2009, ƙungiyar garin, Unirea Urziceni, ta lashe gasar Liga I, ta bar manyan ƙungiyoyin Bukarest, Steaua da Dinamo, a baya. Shekara uku kacal ke nan da hawanta rukunin farko.

Kocinta shi ne Dan Petrescu, tsohon ɗan bayan Chelsea. Ba shi da fitattun taurari, sai ya dogara da tsaron gida mai ƙarfi da haɗin kan 'yan wasa.

A gasar Zakarun Turai kuma, Unirea ta bi Rangers har gida Glasgow ta lallasa ta 4-1, ta doke Sevilla 1-0.

To, ina take yau? Babu ita. Kuɗinta daga aljihun attajiri ɗaya suke fitowa. Da ya janye hannu, aka sayar da 'yan wasa, ƙungiyar ta faɗi daga rukunin farko, ta rushe a 2011.

Ɗalibai, ku lura: ƙwazo na kawo kofi, amma sai da tsari ƙungiya take ɗorewa.