Gyara ko Sauyi: Halin da Masu Ƙananan Sana'o'i ke Ciki da Kwamfutocinsu a Kudancin Kaduna

Kafanchan ta samu bunƙasa ne a sanadiyyar jirgin ƙasa, tun daga 1927 lokacin da garin ya zama mahaɗar layukan dogo da suka taso daga Fatakwal zuwa Kaduna da Jos. A yau, wata na'urar ce daban ke riƙe da rabo mai yawa na harkokin kasuwancin garin, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda aka fi sani da kwamfuta.

Duk wanda ya zaga tsakiyar garin, ko ya leƙa unguwannin da ke kusa da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, zai tarar da shagunan buga takardu da ɗaukar fotokwafi. A irin waɗannan shaguna ne ɗalibai ke buga ayyukansu, makarantu masu zaman kansu ke shirya takardun jarrabawa, dillalan citta kuma ke buga rasit da takardun kaya. Bukatar ta ƙaru ainun tun 2015, shekarar da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta.

To, amma mafi yawan kwamfutocin da ke waɗannan shaguna na hannu ne, waɗanda aka gama amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwar Computer Village da ke Ikeja a Legas, daga nan kuma su biyo hanyar Abuja ko Jos. Wannan ne ya sa wani mataki da aka ɗauka a can Amurka ya shafi aljihun mai shago a Kafanchan, Kwoi, Zonkwa da Kachia.

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bayar da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba bayarwa ga manhajarsa ta Windows 10. Kwamfutar da ke ɗauke da ita za ta ci gaba da kunnuwa tana aiki, sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano a cikinta ba lallai ba ne a toshe ta. Manhajar da ta gaje ta, Windows 11, tana da sharuɗɗa, ciki har da wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharuɗɗan ba.

Haɗarin ba na zato ba ne. A watan Mayu na 2017, wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle bayanai a ƙasashe da dama, har da asibitocin gwamnati a Ingila, kuma na'urorin da ba a yi wa gyaran tsaro ba ne suka fi jin jiki.

Sayen sabuwa kuwa ya zo a mawuyacin lokaci. Kafin watan Yuni na 2023, ana canjin Dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma, amma a cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Tunda da Dala ake sayo kwamfuta da kayan gyaranta, farashinsu ya bi sahu. Janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin tayar da janareta. Har ila yau, a daminar wannan shekarar ce annoba ta afka wa gonakin citta a Kachia, Jaba, Kagarko da maƙwabtansu, abin da ya rage kuɗin da ke yawo a hannun jama'ar yankin.

Saboda haka tambayar da ke gaban mai shago ita ce, a gyara ko a sauya? Amsar ta danganta da aikin da na'urar ke yi. Idan buga takardu kawai take yi, ba ta hawa intanet, ana iya ƙara mata shekaru da kuɗi kaɗan. Tsohuwar ma'ajiyar bayanai tana da faifai ne mai juyawa, shi ne kuma babban dalilin nawar da ake kuka da ita. Maye gurbinta da ma'ajiyar SSD, wadda ba ta da wani abu mai motsi, tare da ƙara ƙwaƙwalwar aiki ta RAM daga gigabait 4 zuwa 8, yakan farfaɗo da na'urar ba tare da an taɓa jari sosai ba. Sai dai a kiyayi fulash ɗin abokan ciniki, domin ta nan ƙwayar cuta ke shiga ko da babu intanet.

Idan kuwa da ita ake shiga asusun banki, ko yi wa mutane rajistar da ta ƙunshi lambar NIN da BVN, to wajibi ne ta kasance tana samun gyaran tsaro. A nan zaɓi biyu ne: a sayi wadda ta cika sharuɗɗan Windows 11, ko da ta hannu ce, ko kuma a sa wa tsohuwar manhajar Linux, wadda kyauta ce amma tana bukatar koyo. Ya kamata a tuna cewa dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan mutane alhakin tsare su.

Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. Ranar da kwamfuta ta tsaya, kuɗin haya da albashin yaron shago ba sa tsayawa, abokin ciniki kuma ya wuce shago na gaba. Idan babu kayan gyaran a gari, sai an jira mota daga Jos ko Kaduna. Idan tsayawar ta faɗo a lokacin rajistar jarrabawa, cinikin da aka rasa zai iya zarce kuɗin gyaran kansa.

Rigakafi dai ya fi magani. Ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura har zafi ya yi mata illa, don haka tana bukatar shara akai-akai. Tsawar damina da hawa da saukar wutar lantarki kan ƙona ta, shi ya sa sitabilaiza da batirin UPS suka zama tilas. Haka nan, a riƙa kwafe muhimman bayanai a wata ma'ajiya daban wadda ba ta kwana a shago.

Hanya mafi dacewa ga masu ƙaramin ƙarfi ita ce haɗin gwiwa. Shaguna goma a layi ɗaya za su iya ɗaukar mai gyara guda su riƙa biyansa a wata, ya riƙa zagayawa kafin matsala ta auku, maimakon kiran gaggawa mai tsada. Za su iya yin adashe domin sayo kayan gyara a sari. Wannan zai kuma samar da aikin yi ga matasan da ke kammala karatun kwamfuta a makarantun yankin.

Kafin a kai ga haka, matakin farko bai bukatar ko kwabo: kowane mai shago ya duba wace manhaja ce a kan na'urarsa, wace shekara aka ƙera ta, da kuma inda ya ajiye kwafin bayanan abokan cinikinsa.