Ko Kun Sani?

A Ingila, hukumar lafiya ta NHS tana yin allurar rigakafin mura mai tsanani kyauta gabanin kowane hunturu, amma ciwon tayirod shi kaɗai, ko da ya kai ga maƙoƙo, ba ya sa mutum cikin masu samunta. 'Yan shekara 65 zuwa sama, masu juna biyu da masu ciwon suga suna ciki. A nan ya kamata a lura: ciwon suga nau'i na 1 yakan zo tare da ciwon tayirod, kuma wanda magani ya raunana garkuwar jikinsa shi ma ya cancanta. Maganin tayirod na levothyroxine kuwa ba ya hana yin allurar.