Tsamin Nono da Ƙarnin Kifi: Sinadarai Biyu a Kasuwannin Gaya da Ajingi

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gaya ko ta Ajingi, hancinsa zai sanar da shi inda ya dosa tun kafin idonsa ya gani. Wajen masu tallar nono akwai tsami, wajen masu daddawa akwai wari mai hawa kai, sannan ga ƙarni a wajen masu kifi. Dangi biyu na sinadarai ne ke haddasa yawancin wannan, kuma sanin halinsu yana iya raba mutum da ciwo.

Dangi na farko su ne asid masu rukunin kaboksil. Rukunin ya ƙunshi ƙwayar zarra ɗaya ta kabon, biyu na oksijin da ɗaya ta haidirojin, shi ya sa ake rubuta shi COOH. Idan ya shiga ruwa yakan saki haidirojin ɗin, shi ne harshe yake jin tsami. Tsamiya tana da asid tatarik, lemun tsami kuma asid sitirik. A cikin ƙwaryar nono kuwa, bakteriya ne ke cin sukarin madara su mai da shi asid laktik, wanda wani masani a ƙasar Suwidin, Carl Wilhelm Scheele, ya fara fitarwa daga madara mai tsami a 1780. Wannan asid shi ke sa madara ta kama ta zama kindirmo, ya kuma rage hayayyafar ƙwayoyin cuta, ko da yake ba ya maye gurbin tafasa madara.

Dangi na biyu su ne amin, watau 'ya'yan amoniya. Amoniya tana da naitirojin ɗaya da haidirojin uku. Idan aka cire haidirojin ɗaya ko fiye, aka ɗora rukunin kabon a gurbinsa, an sami amin. Halin amin kishiyar na asid ne, domin karɓar haidirojin yake yi, kuma ƙananan cikinsu suna tashi a iska su iso hanci. Lokacin da mata suka lulluɓe dafaffiyar kalwa na kwana biyu zuwa uku, bakteriya suna farfasa furotin ɗinta, sai amoniya da amin su fito, su ba daddawa warinta. Ƙarnin kifin teku ma daga wani amin yake, mai suna tiraimetilamin.

To, me ya sa ake wanke kifi da lemun tsami? Asid yakan miƙa wa amin haidirojin ɗinsa, sai su zama wani irin gishiri wanda ba ya tashi a iska. Da haka ƙarni yake kwantawa.

Akwai kuma sinadaran da ke ɗauke da rukunin biyu a jiki ɗaya, su ne amino asid, waɗanda iri 20 nasu ke gina furotin. Ɗaya daga cikinsu, asid gulutamik, yana cikin abin da ke ba daddawa ɗanɗano, kuma Kikunae Ikeda na ƙasar Japan ne ya bayyana wannan ɗanɗano a 1908. Wani kuma, histidin, yana da yawa a naman wasu kifayen teku, irin su sadin da dangin kifin da ake kira Titus, waɗanda ake kawowa arewa a ƙanƙare.

A nan hatsarin yake. Idan ƙanƙara ta narke, kifi ya yini a zafi, bakteriya sukan yanke wa histidin rukunin kaboksil, sai ya koma amin mai suna histamin. Wanda ya ci shi da yawa, cikin 'yan mintoci zuwa awa ɗaya ko biyu yakan ji zafin fuska, ƙaiƙayi, ciwon kai, wani lokaci har da gudawa. Histamin ba shi da warin da zai tona shi, kuma suya ko dahuwa ba sa lalata shi. Lemun tsami yana kawar da ƙarni kawai, histamin kuwa yana nan.

Saboda haka, mai sayen kifin ƙanƙara ya zaɓi wanda har yanzu yake da tauri da sanyi, ya kuma dafa shi da zarar ya isa gida. Wanda ya saki jiki a faranti cikin rana, gara a bar shi, komai araharsa.